Dawar da Ba a Girbewa

A ƙarshen watan Nuwamba, bayan injinan girbi sun share gonakin jihar Kansas ta Amurka sun bar su fili fetal, akan ga wani ɗan yanki a gefen kurmi ko bakin rafi inda dawa ke tsaye ba a taɓa ta ba. Tsawonta bai fi ƙugun mutum ba, zangarniyarta ja jawur, ta bushe ƙayau, kuma haka za ta zauna dusar ƙanƙara na sauko mata har watan Maris. Da manomin Funtuwa ko na Maraɗi zai ga wannan, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ko mai gonar ya rasu ne magada na rigima, don a saninsa ba mai hankalin da dawarsa za ta nuna ya juya mata baya. To, mai gonar yana nan da ransa da lafiyarsa. Da gangan ya shuka, da gangan ya bari, kuma kuɗin iri da taki da man tarakta duk ya kashe su ne don barewa da tsuntsayen daji su ci. Mu a nan yara ake tasa da asuba, da majaujawa da gwangwanaye a igiya, su je korar jan baki. Su a can gayyatar tsuntsun ake yi. Al'adar ta bazu a tsakanin mafarauta da masu filaye har ta zama kasuwa mai zaman kanta, da kamfanonin iri da mujallu da masu ba da shawara, ana kuma yi mata kirari cewa tana ƙara yawan namun daji, tana dawo da tsuntsayen da suka ɓace. Hujjojin da ke ƙasa ba su kai kirarin ba. Gonar dawa tana tara dabbobin da dama suke wurin, tana iya tsallakar da su mugun sanyi, amma ba ta haifar da ko guda, kuma yawancin ɓacin ran da masu shuka ta ke yi ya samo asali ne daga ɗaukar tarawa a matsayin ƙaruwa.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da zai sa mutum ya yi wa naman daji noma. Wajen shekarar 1900 Amurka ta kusa cinye dajinta. Masu harbi don kai nama kasuwa, da masu sare itatuwa, sun rage barewa mai farar wutsiya har ana ƙiyasin ba ta kai rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar. A 1900 aka kafa dokar Lacey, wadda ta haramta ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da ake ɗorawa a kan bindigogin farauta da harsasai, ana raba wa jihohi don farfaɗo da namun daji. Da wannan kuɗi, da ƙayyade lokacin farauta, da ƙayyade adadin da kowa zai harba, barewar ta dawo har yau ana ƙiyasta ta wajen miliyan 30. Akwai kuma wani abu a tsarinsu da ya kamata a riƙe: naman daji na jama'a ne, hukumar jiha ke riƙon amanarsa, amma ƙasar da yake kiwo a kai mafi yawanta ta ɗaiɗaikun mutane ce. A Teksas wajen kashi 95 cikin ɗari na ƙasa mallakar mutane ne. Ke nan mai fili ba shi da ikon cewa barewar nan tawa ce. Abin da yake da iko a kai shi ne ya sa filinsa ya fi na maƙwabcinsa daɗin zama, ta yadda idan lokacin farauta ya zo a wajensa za a same ta. Wasu ma hayar filin suke ba mafarauta a kan kuɗi mai tsoka. Tushiya mafarin dawa, in ji Hausawa. Tushiyar wannan dawa dai gasa ce tsakanin maƙwabta a kan dabbar da ba ta kowa ba.

Dabbobin da ake yi dominsu suna bukatar ɗan bayani, don sunan barewa aro ne muka yi. Tasu ta fi tamu girma, namijin kan wuce kilo 70, kuma ƙahonsa mai rassa ne kamar reshen itace, yana faɗuwa duk shekara a ƙarshen sanyi wani ya tsiro. Girman wannan ƙaho shi ne abin alfaharin mafarauci. Cikin tsuntsaye akwai fezan, mai doguwar wutsiya da farin zobe a wuya, wanda asalinsa na ƙasar Sin ne. Ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, Owen Denny, shi ya aika da shi jihar Oregon a farkon shekarun 1880, yau kuma shi ne tsuntsun da jihar Dakota ta Kudu ta ɗauka tambarinta. Akwai bobwait, 'yar mitsitsiya dangin makwarwa da ba ta kai kwatan kilo ba, wadda ke yawo garke-garke. Sai kurciya, da talotalon daji, da agwagin ruwa masu ƙaura.

Me ya sa dawa, alhali masara ce sarauniyar noman Amurka? Dawa dai baƙuwa ce a can. A gabashin Sudan, wajen Kasala, aka samu shaidar nomanta mafi daɗewa, ta kimanin shekara 5,000. Ta fara shiga Amurka ne a jiragen bayi, daga baya masana suka riƙa kai iri daban-daban: fetarita da hegari daga Sudan a farkon ƙarni na 20, sannan a farkon shekarun 1950 wani masani mai suna O. J. Webster ya kai musu kaura mai ɗorawar ƙwaya daga arewacin Najeriya, aka shigar da ita cikin irinsu. Babban abin da suka yi mata shi ne gajarta ta. Tamu kan zarce mita uku saboda muna son karan don darni da jinka da wuta da abincin dabba. Su kuwa so suke injin girbi ya bi ta kanta, sai suka zaɓi gajeru har suka samu wadda ke tsayawa a mita ɗaya ko ɗaya da rabi, suna kiranta mailo. Ba don namun daji aka yi haka ba, amma sai ya zo musu daidai, don zangarniya ta sauko saitin bakin barewa, fezan ma da ɗan tsalle zai kai gare ta. Sauran halayenta kuwa kowane manominmu ya san su. Tana jure fari inda masara ke ƙonewa, ta naɗe ganye ta yi lamo har ruwa ya dawo. Irinta ya fi na masara araha nesa ba kusa ba. Kuma barewa ba ta cika damuwa da ganyenta ba tana ƙarama, saɓanin waken soya da wake, waɗanda a ƙaramin fili garke guda kan kwashe su tun suna ganye biyu, mai gona ya wayi gari sai ƙasa. Dawa kan samu ta girma lami lafiya har ta fidda kai.

Wurin da abin ya fi ban sha'awa shi ne batun bauri. Wasu nau'o'in dawa, musamman masu jar ƙwaya ko ruwan ƙasa, suna ɗauke da sinadarin tanin a ɓawonsu, wato abin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jeme fata da shi, mai ɗaure harshe. Lokacin da ƙwaya take ɗanya tana madara, baurin yana da ƙarfi, tsuntsu ya ɗanɗana ya tofar. Idan ta bushe, ruwa da raɓa da sanyi suka yi ta dukanta, sai baurin ya ragu ta ciwu. Ga manomin da ke sayarwa, dawa mai bauri ba ta da daraja sosai, don dabba ba ta narkar da ita yadda ya kamata. Ga mai shuka wa namun daji kuwa wannan aibi shi ne makullin rumbu. Idan ya shuka fara mai daɗi, garken baƙaƙen tsuntsaye da gwarare za su sauka mata a watan Satumba su tsotse ta tas, lokacin da daji ke cike da abinci kuma ba wanda ke bukatarta. Mai bauri kuwa za ta tsaya ta jira Disamba da Janairu. Shi ya sa akwai iri na musamman da ake sayarwa don wannan aiki kaɗai, wasu kuma kan gauraya fara da ja, ɗaya ta ciwu da wuri, ɗaya ta jira. Ashe ma darajar gonar a kan lokaci take: abinci ne da aka ajiye a tsaye don watannin da babu komai.

Nomanta ba shi da wani sirri. Ana jira ƙasa ta yi ɗumi, ta kai maki 16 zuwa 18, wanda a yawancin jihohi yake faɗowa a Mayu ko Yuni. A bi da haro, a shuka a zurfin santimita uku zuwa huɗu, kilo biyu zuwa huɗu na iri a eka ɗaya idan a layi ne, a ƙara kaɗan idan yafi za a yi. Tana son taki, kwatankwacin buhu ɗaya da rabi zuwa biyu na yuriya a eka, kuma cikin kwana 90 zuwa 120 ta nuna. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne cika iri, suna ganin yawa shi ne alheri, sai ta fito cunkus kamar ciyawa, kara siriri, zangarniya kamar ɗan yatsa, iskar farko ta kwantar da ita. Akwai kuma wata doguwa da suke kira alkamar Masar, ko da yake dawa ce ba alkama ba, wadda ke kai mita uku. Ita shinge ake yi da ita, don ta kare fili daga idon masu wucewa a titi, ta kuma ba mafarauci hanyar shiga ba tare da an gan shi ba. Annoba ma ba ta bar su ba. Tun 2013 wata darɓa da a da rake take kamawa ta koma kan dawa a Teksas da Luwiziyana ta bazu, kuma a jihohin kudu aladun da suka koma daji kan shiga fili da dare su tumurmushe shi.

Yanzu ga inda gonar ke da amfani na gaske, kuma bai kamata a rage mata shi ba. A Dakota ta Kudu ko Minesota sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da maki 20 ko fiye, ga iska mai ɗauke da dusar ƙanƙara a filin da babu abin da zai tare ta. Abin da ke kashe fezan a irin wannan rana sau da yawa ba yunwa ba ce kai tsaye. Yunwar ce ke fito da shi fili neman ƙwaya, iska ta cusa masa ƙanƙara ƙarƙashin gashi, ta daskare masa a baki da hanci ya kasa numfashi, ko kuma shaho ya hango shi baƙi a kan fari. Karan dawa yana da taurin da ba ya kwanciya da wuri, saboda haka zangarniya tana saman dusar, ƙasan kuma akwai rumfar ganye da kara da ke tare iska. Tsuntsu zai ci a inda yake fake. Wani masani na Jami'ar Jihar Kansas, Robert Robel, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin bobwait a filin soja na Fort Riley, ya kuma gano cewa waɗanda ke zaune kusa da irin waɗannan gonaki sun fi na nesa nauyi da kitse a lokacin sanyi, sun kuma fi su tsira idan sanyin ya yi tsanani. Ga tsuntsuwar da ba ta iya kwana da yawa ba ci a cikin ƙanƙara, ɗan kitsen nan shi ne tsakaninta da mutuwa. Sai dai ko wannan amfanin yana da sharaɗi. Dole gonar ta kasance dab da mafaka mai kauri, kurmi ko fadama mai kacalla, kuma ta zama mai faɗi. Siririn layi a tsakiyar fili dusar ƙanƙara kan cike shi cikin dare ɗaya, kuma dila kan bi shi daga wannan kai zuwa wancan kamar mai bin layin kasuwa.

Daga nan ne masu kirarin ke yin tsallen da hujja ba ta bi su ba. Tun da dawa na ceton tsuntsu a cikin sanyi, in ji su, yawan shuka ta zai yawaita tsuntsaye. Tarihin bobwait ya ƙaryata haka. Ƙidayar tsuntsaye da ake yi duk shekara tun 1966 ta nuna ta ragu da wajen kashi 85 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi muni a jihohin kudu maso gabas, inda sanyi ba ya kisa kuma inda aka daɗe ana shuka mata abinci. Dalili a fili yake ga wanda ya dubi rayuwarta. Bobwait ba ta da tsawon kwana. Wajen kashi huɗu cikin biyar kan mutu duk shekara, saboda haka yawanta ya dogara ne ga ƙyanƙyasa. Sheƙa kuwa a cikin busasshiyar ciyawar bara take yin ta, ba a gonar da aka bi da haro a watan Mayu ba. 'Ya'yan, waɗanda ba su fi babban yatsa ba ranar da suka fito, ƙwari suke ci a makonninsu na farko, don su ne ke da furotin ɗin da zai fito musu da gashi. Ƙwayar dawa ba ta ma nuna ba a lokacin, ko ta nuna ba za su iya haɗiye ta ba. Abin da ya ɓace a ƙasar shi ne gefen gona mai ciyawa, da saura, da shingen ƙaya, da dajin da ake sa wa wuta jefi-jefi, duk manyan injina da maganin ciyawa da dashen itatuwan katako a cunkushe sun shafe su. Herbert Stoddard, wanda ya yi nazarinta a kan iyakar Jojiya da Fulorida ya fitar da littafinsa a 1931, tun a lokacin ya nuna muhimmancin wutar da ake sawa da lissafi, a zamanin da hukumomin daji ke ganin duk wata wuta ta'asa ce. A 1997 Fred Guthery ya kawo hujja cewa abin da ke ƙayyade yawan bobwait shi ne faɗin wurin da za ta iya zama a cikinsa duk tsawon shekara, kuma a mafi yawan wurare abinci ba shi ne abin da ya yi ƙaranci ba.

Fezan ma ya ba da shaida iri ɗaya, ta hanyar da ba wanda ya shirya. A 1985 gwamnatin Amurka ta fara wani shiri na biyan manoma haya su huta da noman ƙasa mai saurin zaizaya, su bar ta a ciyawa shekara 10 zuwa 15. Zuwa 2007 filin da ke cikin shirin ya kai kusan eka miliyan 37, kuma a shekarar mafarauta sun harbi fezan sama da miliyan biyu a Dakota ta Kudu kaɗai. Da farashin masara ya tashi, manoma suka sake kafta miliyoyin eka, sai fezan ya bi ciyawar ya ragu. Ba a daina shuka masa dawa ba a tsakanin. Ciyawar ce ta zo ta tafi, shi ma ya zo ya tafi. Ita kanta ƙungiyar Pheasants Forever, da aka kafa a Minesota a 1982, wadda ke raba irin dawa ga masu filaye, wurin sheƙa da renon 'ya'ya take sawa a gaba.

Barewa kuwa lissafinta ya fi sauƙi. A ce eka ɗaya ta ba da tan ɗaya na ƙwaya, wanda ba laifi ga gonar da ba a yi wa hidima sosai ba. Barewa ashirin, kowace ta ci kilo ɗaya a dare, kwana hamsin sun gama da ita, kafin ma a cire rabon tsuntsaye da ɓeraye. Saura kwana ɗari uku da 'yan kai na shekara daga daji za su ci. Sannan ƙwayar dawa abincin ƙarfi ce, furotin ɗinta wajen kashi 10 cikin ɗari, alhali tsiron ƙaho da shayar da ɗa suna neman wajen kashi 16, kuma a bazara da damina suke nemansa, lokacin da dawa ba ta da abin bayarwa. Wanda ya shuka dawa don ya ga ƙaton ƙaho ya yi shuka a idon makwarwa. Abin da zai gani shi ne barewa da yawa a filinsa da yamma, kuma nan ne idonsa ke ruɗinsa: ashirin ɗin nan da ma suna nan, a warwatse cikin dajin maƙwabta. Ƙari a kan haka, a jihohi da yawa barewa ta riga ta fi ƙarfin dajin, tana cinye tsiron itatuwa, motoci na karo da ita sama da sau miliyan a shekara. A irin wannan wuri babu mai bukatar a ƙara ta.

Akwai masu suka daga wancan ɓangaren, waɗanda ke cewa duk abin nan koto ne aka yi wa ado, bambancinsa da zuba buhun masara a gindin itace kawai wahala ce. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya, don niyyar ɗaya ce. Doka dai ta raba su, kuma rabon nata yana da ban mamaki. A dokar tarayya ta tsuntsaye masu ƙaura, haramun ne harbi a inda aka zuba ƙwaya, kuma wurin yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe ta. Amma wanda ya shuka dawa yana da damar ya sare ta ko ya daddatse ta da inji ƙwaya ta zube, ya harbi kurciya a kai idan an buɗe farautarta, galibi ranar 1 ga Satumba. Idan agwagwar ruwa yake nema, wannan saran ya zama laifi. Sai dai ya bar dawar a tsaye, ko ya sako mata ruwa. Ita barewa kowace jiha da hukuncinta: Teksas ta yarda da zuba mata masara a filin mutum, wasu jihohi sun hana. Mai son dariya zai samu abin dariya a nan. Duk da haka bambancin yana da tushe. Tulin masara yana haɗa bakuna da yawa a taki ɗaya, yana cika cikin barewa da hatsi farat ɗaya, wanda kan lalata mata tumbi, kuma ranar da mai zubawa ya rataye bindiga ya daina. Gona kuwa a baje take, ana cinta a hankali, tana nan bayan an rufe farauta, kuma ɗaruruwan ƙananan tsuntsayen da ba wanda zai harba suna ci daga gare ta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta cuta. A 1967 aka fara ganin wata cuta a wasu barewa da ke tsare a Kolorado, mai cinye ƙwaƙwalwa, dabba ta rame tana dalalar da miyau har ta mutu. Wani gurɓataccen furotin ke kawo ta, ba ta da magani ko rigakafi, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, tana kuma zama a ƙasa shekaru. Yau ta shiga fiye da jihohi 30. Duk abin da ke tara barewa wuri ɗaya yana taimaka mata, kuma a nan gonar dawa ba za ta wanke kanta sarai ba. Ta fi tulin masara sauƙi, amma ƙaramar gona a yankin da cutar take ita ma matattara ce, kuma mai gaskiya zai yarda cewa a can barinta ya fi.

Mai karatu na nan gida yana da tasa tambayar: ba almubazzaranci ba ne a bar wa tsuntsu abin da zai zama tuwo da kunu? Zuciya kan sosu, ba shakka. Sai dai dawar Amurka da ma ba ta tukunyar mutane ba ce. Mafi yawanta abincin dabbobi ne, da man itanol, da kaya zuwa Sin, kuma 'yan ekokin nan ɗigo ne a cikin miliyoyin ekar da suke nomawa, galibi ma a kusurwoyin da inji ba ya jin daɗin shiga. Da an girbe su ba su iso kasuwar Dawanau ba. Tambayar da ta fi ita ce ko dabarar za ta yi aiki a wajenmu, amsa kuma a'a ce, saboda dalilin da ya sa ba ta cika aiki a can ba. Makwarwa da zabon daji da gada ba yunwar kaka ce ta rage su ba. Dajin ne ya zama gona, saura ta ƙare, wutar rani na cinye abin da ya rage, farauta kuma ba ta da watan hutu. A irin wannan hali, duk wanda ya tara su wuri guda ya sauƙaƙa wa mai bindiga ne, kafin nan ma jan baki ya riga kowa.

Waɗanda suka daɗe a harkar a can sun koyi karanta gonar kamar takarda. A watan Maris sukan zaga su duba zangarniya. In tun Disamba ta zama tsintsiya, to gonar ta yi kaɗan ko barewa ta yi yawa, kuma maganin na biyun harbi ne, ba ƙarin iri ba. In kuwa sanyi ya wuce ƙwaya na nan jingim, abinci bai taɓa zama matsalar filin ba, kuɗin takin da a ciyawa aka sa shi. Da yawansu yanzu raba filin suke yi biyu, su shuka rabi, su bar rabin bara yadda yake ba haro ba feshi. A cikin tsohon karan sai ciyayi masu faɗin ganye su tsiro, irin waɗanda manomin kirki zai ji kunyar a gani a gonarsa, sama rumfa, ƙasa fili, fara da tsutsa ko'ina. A watan Yuni da Yuli a wannan rabin da aka yi watsi da shi ake ganin uwar bobwait tana tafe, 'ya'ya goma sha biyu na bin ta a baya.